Rasuwar Gahawar Ja'afaru, Wadda Siminti Ya Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika rabinta, fushi ya cika sauran, ni Mukhtaru ɗan Ja'afaru Bakano nake sanar da Hausawan Makka na unguwannin Mansur da Shisha, da masu raƙuman Ɗa'ifa, da direbobin manyan motoci, da duk wanda ya taɓa miƙe ƙafa a inuwarta, rasuwar uwarmu kuma uwar baƙi, Gahawar Ja'afaru, zauren shan gahawa kuma masaukin matafiya, wadda ke bakin tsohuwar hanyar Ɗa'ifa, gaba kaɗan da Muzdalifa. Ta cika ranar Talata, goma sha ɗaya ga Jimada Lawwal, shekara ta 1372, jim kaɗan bayan la'asar, tana da shekara sittin da uku a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ji ana yawo da magana a kasuwa wai ruwan sama ne ya kashe ta. Ƙarya ne. Marigayiya ta sha ruwan da ya fi na ranar Talata sau ba adadi, ta girgije ta ci gaba da dafa gahawa. Siminti ne ya kashe ta. Wanda kuma ya ɗura mata shi ƙanena ne, Hashimu direba, uwa ɗaya uba ɗaya. Na rubuta sunansa a nan don kada wani ya wahala wajen tambaya.

Kuma ku sani tun yanzu, kisan bai ƙarasa ba. Baka ɗaya daga cikin bakunan gizo uku da ke riƙe da rufinta yana nan tsaye. Hashimu ya yi alkawarin zuwa ranar Asabar da hantsi, da motarsa da sarƙa, ya kayar da shi. Shi ya sa nake roƙon kowa ya karanta takardar nan har ƙarshe, kada ya tsaya a wurin kuka.

Ga waɗanda suka san inuwarta ba su san asalinta ba: mahaifinmu Ja'afaru magini ne, jikan magina. Ya baro Kano a ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya, yana gina wa mutane ɗakuna a Borno da Sudan yana cin abinci. Da ya sauke farali, ya ga alhazan ƙasarmu suna kwana a filin Allah a gefen hanya, rana na gasa su kamar gyaɗa. Sai ya ɗaura ɗamara.

Harsashinta baƙin dutsen nan ne na tsaunukan Makka, ya jera shi har ƙirjin mutum saboda ambaliya. Daga nan zuwa sama tubali ne irin na gida, mulmulen hannu. Kaurin bangon kamu biyu ne. A tsakiyar bazara, lokacin da ƙarfe ke ƙona tafin hannu a waje, ka shigo ciki ka ji kamar an sa ka a randa. Babu giginya a ƙasar nan, don haka da kututturen goruba ya yi azararsa, ya ɗauko su a bayan raƙumi, ya jiƙa, ya shanya, ya tsaga. Da su ya ɗaura bakan gizo uku a jere, daga gabas zuwa yamma, tulluwa zaune a kan na tsakiya. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakar zauren. Larabawa kan shigo su ɗaga kai har rawani ya zame, suna neman abin da ke riƙe da rufin. Mahaifinmu ya ce musu laka ce da tsoron Allah.

Tana da zankwaye huɗu a kusurwoyinta, mai raƙumi kan hango su tun daga nesa ya san ya iso. Tana da tagogi ƙanana guda shida can sama, kowace bai fi kan mutum ba, iska ta shiga, rana ta tsaya a waje. Tana da dakali zagaye da bango, wanda zaman jama'a ya goge har yana sheƙi. Tana da alkuki goma sha biyu a jikin bango, inda baƙo kan ajiye guzurinsa ya tafi Arfa ya dawo ya tarar ko allura ba ta ɓata ba. A ƙarƙashin bakan gabas murhu yake, tulunan gahawa jere a bakinsa, hayaƙi ya mayar da bakan baƙi ƙirin, ya ƙeƙashe shi kamar ƙarfe.

Sai indararo biyar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce, amma wanda ya san muryarta ba ya mantawa. Ƙyaurenta katakon jirgin ruwa ne da aka kawo daga Jidda, in an tura shi sai ya ce ƙiiiii, in ya koma ya ce gub. Shekara sittin da uku bai taɓa fashin wannan gaisuwa ba. Turmin gahawa kuma ƙwal, ƙwal-ƙwal, ƙwal, tulluwa ta karɓe ta mayar da amo har raƙuman da ke waje su juyo.

Ba ta taɓa neman komai a wurinmu ba sai abu ɗaya a shekara: yaɓe. Kowane Muharram, bayan alhazai sun watse, a kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin raƙumi, a bar ta kwana bakwai ta ruɓa, a shafe mata jiki da rufi, a bi da makuba ta ɓawon ɗorowa. Makubar alhazan gida ne ke kawowa, don mahaifinmu ya kafa ƙa'ida: duk Bahaushen da ya zo da mudun ɓawon ɗorowa a ƙullinsa ya kwana kyauta har ya bar Makka. Labarin ya kai har Katsina da Damagaram. Kuma duk wanda ya sa hannu a yaɓen, in an gama, ya liƙa 'yar laka a bangon ciki ya danna tafinsa tun tana ɗanya. Bangon waje ake sabuntawa, na ciki ba a shafe shi. Hannuwa sun fi dubu a jikinsa. Akwai waɗanda suka zo daga Zazzau suna neman hannun kakansu, suka samu, suka ɗora nasu a kai suna hawaye.

Da mahaifinmu zai cika, ya kira ni da Hashimu, ga ƙanwarsa Goggo Shatu mai tuwon gahawar, ga Baba Abdulganiyyu, maginin da ya yi masa hidima tun yana saurayi. Ya ce: "Muddin baka ɗaya na tsaye, wuta na ci a ƙarƙashinsa, ba a raba wurin nan, ba a sayar da shi. Ran da na ƙarshe ya faɗi, ku yi yadda kuka ga dama." Muka ɗora hannu a kan nasa. Hashimu ya fi ni kuka ran nan. Na faɗa ne don a san ban rage masa komai ba.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya fara.

A Muharram ɗin bana na tafi ziyara Madina, kwana arba'in. Na bar ƙasa a jiƙe, makuba buhu uku a ɗaki, na ce wa Hashimu ya tsaya a kan yaɓe tare da Baba Abdulganiyyu. Ya ce: "Tayyib, Yaya, ka tafi hankali kwance." Ƙurar motata ba ta gama kwantawa ba ya shigo da buhunan siminti da wani mai cokalin gini da ya samo a bakin garejin Mansur, mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa mulmula tubali ba.

Baba Abdulganiyyu ya tare su a bakin ƙofa da sandarsa. Goggo ce ta ba ni labarin, kalma bayan kalma.

"Hashimu, me za ka yi da wannan tokar?"

"Baba, zamani ne. Sau ɗaya za a shafa, kalas, an huta da kashin raƙumi har abada. Direbobi na yi mana dariya, wai gidan tururuwa muke sayar da gahawa a ciki."

"Laka numfashi take yi, ɗan nan. Ta sha ruwa, ta fitar. Ka rufe ta da wannan, ruwa zai samu tsaga ya shiga, ba zai samu hanyar fita ba. Za ta ruɓe a ciki kana ganin ta fes a waje."

"Baba, wallahi duk Jidda haka ake yi."

"Jidda ubanka ne ya gina ta?"

Hashimu ya yi dariya, ya sumbaci kan tsohon, ya sa aka ɗauke shi a gaban mota aka kai shi gidan 'yarsa a Shisha, wai ya je ya huta. Haka ake korar likita daga ɗakin majiyyaci, da sumba a ka.

Cikin kwana goma suka gama da ita. Suka shafe ta ciki da waje. Suka bi hannuwan alhazai dubu suka binne a ƙarƙashin siminti, wai suna tara ƙura. Suka fille zankwaye huɗu. Suka ɗaga bango a gefen rufi har gwiwa, don direbobi su hau sama su sha iska a kan kujeru. Sannan suka juyo kan indararo. Wata mota ta taɓa bugun ɗaya da kayanta, mai motar ya yi ƙorafi, don haka Hashimu ya sa aka sare su aka toshe ramukan. Da mai cokalin ya tambaye shi ta ina ruwa zai sauka, cewa ya yi: "Ruwa? A Makka? Sau nawa ake yi?"

Huɗu suka toshe. Na biyar, na bayan murhu, a ƙarƙashinsa Goggo Shatu ke ajiye randarta tun kafin a haifi Hashimu. Ta fito da muciya ta zauna a kan randar.

"Goggo, don Allah matsa, minti biyu ne."

"Hashimu, ni na yi maka wanka kana jariri a ruwan wannan indararon. Taɓa shi ka ga yadda muciya ke tuƙa mutum."

Ya bar mata. Ba don hankali ba, don muciya.

A nan dole in faɗi nawa laifin, tun da takardar mutuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce. Na dawo daga Madina na tarar da ita fari tas kamar amarya. Na yi faɗa, na yi zagi, na kwana uku ban yi wa Hashimu magana ba. Amma motoci suka riƙa tsayawa, direbobi na hawa sama suna cewa masha Allah, ya Mukhtar, yanzu kun zama mutane. Raina ya yi sanyi. Baba Abdulganiyyu ya aiko mini sau biyu: ka fasa ramukan indararo, ko da guduma ne, yau ba gobe ba. Na ce sai bayan sati. Satin ya zama wata uku. Wannan ina ɗauke da shi, kuma zan ɗauke shi har kabarina. Amma ni sakaci na yi. Hashimu aiki ya yi.

Marigayiya ta yi jinya cikin haƙuri. Da farko tsaga ce siririya kamar gashi a bayan tulluwa. Aka yi yayyafi biyu a Rabi'u Sani, ta shanye ba ta fitar ba. Sai ta fara gumi a kusurwar yamma, tabo baƙi da ba ya bushewa. Sai wari irin na tsohuwar rijiya. In ka ƙwanƙwasa bango da yatsa ka ji fom, fom, kamar ganga. Turmi ya daina samun amsa daga tulluwa. In zaure ya yi shiru da azahar, can sama ka ji ƙas. Ka jira. Ƙas. Goruba ce ke kuka, mu muna zuba wa baƙi gahawa.

Ranar Talata hadari ya taso daga wajen Arfa tun azahar. Baba Abdulganiyyu, mai shekara tamanin, ya ga hadarin daga Shisha, ya hau jaki ya taho. Ya iso ruwa na dukansa, mutum goma sha tara a cikin zaure sun fake, ni da Goggo cikon ashirin da ɗaya. Rufi ya riga ya zama tafki, ruwa ya cika bangon da Hashimu ya ɗaga, ba mafita sai indararon Goggo, shi kaɗai yana ta ambaliya kamar zai tsage.

Tsohon ya tura ƙyaure. Ƙyaure bai ce ƙiii ba. Ya ja ƙasa, ya cije, ya tsaya a rabi.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Bai yi sallama ba. Ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofa, ya ga azara ta sauko ta danne ƙyauren.

"Ku fita! Mukhtaru, fitar da su! Ta zauna!"

Wani mai raƙumi ya ce bari ya ƙarasa finjalinsa. Baba ya zabga masa sanda a gadon baya, ya fita da finjalin a hannu. Muka riƙa tura mutane ta rabin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, wani ba takalmi, wani ba mayafi. Goggo ta ƙi fita, ta tsuguna a gindin murhu ta rufe garwashi da kasko, ta ce ita ba ta barin wutar yayanta. Na koma zan ciccibe ta, Baba ya riƙe ni ya ce: "Bar ta, bakan gabas ba inda za shi." Ina jayayya da shi ke nan na ji marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe. Ƙaƙaƙas. Sannan wani dogon nishi, uuuuf, kamar tsohuwa ta sauke kaya. Sannan dim.

Tulluwa ta tafi, ta ja bakan tsakiya, ya ja na yamma. Da ƙura ta lafa sai ga Goggo Shatu zaune a ƙarƙashin bakan gabas, laka har gira, tana hura wuta. Marigayiya ta jira baƙi duk suka fita, ba ta tafi da ran ko ɗaya ba. Ko a mutuwarta ta fi wanda ya kashe ta mutunci.

Ta bar baka ɗaya, wanda indararon Goggo da zafin murhu suka tsare. Ta bar harsashin dutse, ko gezau. Ta bar ƙyaure, ya karye a kafaɗa amma zai tashi. Ta bar turmi, da tulunan gahawa huɗu, ɗaya ya lotse. Ta bar alkuki uku, da makuba buhu uku da ba a taɓa ba. Ta bar marayu: masu raƙuma da yanzu ke tsayawa a rana suna kallon tarin ƙasa, da alhazan da a wannan sa'ar suna wani wuri tsakanin Fort Lami da Sawakin da mudun ɗorowa a ƙulli, ba su san ɗakin da suke ɗauko wa ya faɗi ba. Ta bar ni. Ta kuma bar Hashimu, ko da yake ba na ƙirga shi cikin masu makoki.

Domin jiya Laraba ya zo. Na zaci gaisuwa ya zo yi. Ya sauko daga mota ya zagaya bakan sau biyu, yana taɓa shi da ƙafa kamar mai taya rago.

"Yaya, alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Amma wannan haɗari ne, zai faɗo wa wani. Asabar zan zo da sarƙa mu sauke shi, a share wurin."

"A share a yi me?"

Ya sosa ƙeya. "Akwai wani mutum, yana neman fili a bakin hanya. Famfon fetur da rumfar gyaran taya. Zai ba mu..."

"Tun yaushe kuka yi magana da shi?"

Ya juya yana duba tayar motarsa.

"Hashimu, tun kafin Muharram ko bayan Muharram?"

Ya ce wallahi bayan ruwa ne, wallahi bai taɓa nufin ta faɗi ba, shi gyara ya so yi. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Allah ne ya san zuciya. Ni dai abin da na sani, ruwa ya sauka Talata, mai famfo ya samu labari kafin Laraba, kuma wasiyyar mahaifinmu a kan wannan baka ɗaya take tsaye. In ya faɗi, babu abin da zai hana a raba. Goggo ta ɗago daga murhu ta ce: "In za ka zo, ka zo da sarƙa biyu. Ɗaya ta bakan, ɗaya tawa."

Ga tsarin jana'iza.

Za a taru gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a inda marigayiya ta faɗi. Kada kowa ya zo da turare ko kuka. Ku zo da fartanya, da kwando, da salka. Mai jaki ya zo da jakinsa, mai raƙumi ya zo da abin da raƙuminsa ya ajiye.

Wanka: za a tsince siminti daga jikinta ɓallo bayan ɓallo, a tara shi can gefen hanya. Wanda ya kawo shi ya san inda ya samo shi, yana da mota. Ƙasarta kuwa ba za a kai ta ko'ina ba. Baba Abdulganiyyu ya duba ta, ya murza, ya sansana, ya ce da ranta. Za a jiƙa ta a nan, a tattake, a mulmula tubali. Shi zai ja aikin daga kan dakali, kuma ya ce in gaya muku sandarsa na nan.

Sutura: kafin magariba za a yi wa bakan gabas yaɓe da makubar da aka hana shi a Muharram, a kafa masa tokara biyu.

Zaman makoki kwana bakwai ne, a ƙarƙashin bakan, dare da rana, wuta ba za ta mutu ba. Gahawa kyauta, tuwon Goggo kyauta. Wanda ba zai samu zuwa kullum ba, ya zaɓi Asabar da hantsi. Ya zo da wuri, ya zauna kusa da ƙafar bakan, ya jingina sosai.

Saura kai, Hashimu, na san za a karanta maka wannan a gareji. Ba a hana ka zuwa ba. Ka zo da motarka, ka zo da sarƙarka. Amma ka sani ruwan Talata ya ɓamɓare simintinka daga ƙafar bakan ta kudu, daidai inda dole sarƙa ta zagaya. Abin da ka binne ya fito. Akwai babban tafin hannu mai guntun ɗan yatsa, wanda azara ta datse a Borno. Ka san mai shi. A gefensa, can ƙasa, akwai wani ƙarami, yatsu a baje, an danna shi a karkace saboda mai shi yana ta wutsil-wutsil a kafaɗata. Shekararka huɗu.

Baba ya ce a shafe wurin da yaɓe, na ce a'a, a bar shi a buɗe har Asabar. Ba zan riƙe ka ba, ba zan yi maka ihu ba. Za mu matsa mu ba ka hanya, mu duka, har Goggo. Sai dai ba yaron mota ba, ba mai famfo ba. Kai za ka durƙusa da kanka, ka ɗora sarƙar a kan hannuwan nan biyu, ka ɗaure, muna kallo.

In ka kasa, kwando na nan kusa da randa.

Allah ya jiƙan wanda ya gina ta. Allah ya ba mu haƙuri, amma ba kafin Asabar ba.

Mukhtaru ɗan Ja'afaru Bakano,
a madadin Goggo Shatu, da Baba Abdulganiyyu, da baka ɗaya da ya rage.